Amosanin gaɓɓai: Shin za a iya sanin maganin da zai karɓi majiyyaci tun kafin a ba shi?

Sama da shekaru 25 ke nan da likitoci suka fara amfani da wasu magunguna masu ƙarfi da ake kira bayolojik wajen magance amosanin gaɓɓai na rumatoid.

Magungunan sun tayar da dubban mutanen da cutar ta kwantar. Sai dai kuma ba kowa suke karɓa ba, kuma akasari likita ba ya sanin wanda za su yi wa aiki sai bayan ya gwada.

Wannan ne ya sa masana suka duƙufa wajen neman hanyar da za a yi hasashen maganin da ya dace da kowane majiyyaci tun daga farko.

Wace irin cuta ce rumatoid?

A ƙasar Hausa kusan duk wani ciwon gaɓa akan kira shi sanyin ƙashi ko amosani. To amma likitoci sun bambanta ciwon da ke zuwa da tsufa, inda guringuntsi ke cinyewa, da kuma rumatoid.

A cutar rumatoid garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa tantanin da ke lulluɓe da cikin gaɓoɓinsa. Tantanin sai ya kumbura, ya yi kauri, sannu a hankali ya ci guringuntsi da ƙashin da ke kusa da shi.

Galibi takan fara ne daga yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu a lokaci guda. Mai ita yakan tashi da asuba gaɓoɓinsa a sandare, wani lokaci har fiye da sa'a guda kafin su saki. Mace takan kasa riƙe taɓarya ko matse wanki, manomi ya kasa riƙe fartanya, zaman tahiya kuma ya zama aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 18 ne ke fama da cutar a duniya, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne.

Akwai ta a Najeriya?

An daɗe ana ɗaukar cewa cutar ba ta cika kama mutanen Afirka ta Yamma ba. Wani bincike da aka wallafa a 1993, wanda ya duba mutane kusan 2,000 a wani yankin karkara na kudu maso yammacin Najeriya, bai samu ko mutum guda da aka tabbatar yana da ita ba.

Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanan majiyyata 200 da suka gani a wani asibitin ƙwararru a Legas, yawancinsu mata. Wannan ya nuna cewa cutar tana nan, kuma ƙarancin likitocin da suka ƙware a kanta na cikin abubuwan da suka ɓoye ta.

Mene ne magungunan bayolojik?

Maganin farko da ake ba mai rumatoid shi ne methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Yana da sauƙin kuɗi, kuma yakan wadatar da majiyyata da dama. Sai idan shi da ire-irensa sun gaza ne ake komawa ga bayolojik.

Su bayolojik ana samar da su ne daga rayayyun ƙwayoyin halitta, kuma ana bayar da su ta allura ko ta ƙarin ruwa. Kowane ɗayansu yana da takamaiman abin da yake toshewa a cikin garkuwar jiki.

Tarihinsu ya faro ne a birnin London, inda Ravinder Maini da Marc Feldmann suka gano cewa wani sinadari mai suna TNF shi ne kan gaba wajen hura wutar kumburin gaɓoɓi. A 1992 suka fara gwada maganin da ke toshe shi a jikin majiyyata.

A 1998 Amurka ta amince da etanercept, sai infliximab a 1999, sannan adalimumab a 2002, dukkansu masu toshe TNF. Daga baya aka samu rituximab, mai rage wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin B, da kuma tocilizumab, mai toshe hanyar wani sinadarin mai suna IL-6.

Me ya sa ake buƙatar hasashe?

Kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda aka ba masu toshe TNF ba sa samun sauƙin da ake buƙata.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ba magani watanni 3 a ga ko akwai ci gaba, idan kuma ba a cimma abin da ake nema ba cikin watanni 6 sai a sauya. Wasu majiyyatan sukan gwada magani biyu ko uku kafin a dace.

A duk tsawon wannan lokaci cutar tana ci gaba da cin gaɓoɓi, kuma ƙashin da ya cinye ba ya dawowa. Ga kuma kuɗi masu yawa da aka kashe, ga haɗarin kamuwa da wasu cututtuka, domin magungunan suna rage ƙarfin garkuwar jiki.

Waɗanne alamomi ake dubawa a yanzu?

Akwai wasu alamomi da ke ba likita haske, ko da yake babu wadda ake dogara da ita ita kaɗai.

Majiyyatan da gwajin jininsu ya nuna sinadaran da ake kira RF da anti-CCP sun fi samun sauƙi da rituximab fiye da waɗanda ba su da su.

Masu shan taba sigari kuwa bincike ya nuna cewa masu toshe TNF ba sa yi musu aiki kamar yadda suke yi wa waɗanda ba sa sha. Haka ma ƙiba mai yawa tana rage tasirin wasu daga cikin magungunan.

Wani lokaci kuma magani yakan fara aiki, daga baya ya daina, saboda jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙo ya fara yaƙarsa. Haɗa shi da methotrexate yana rage faruwar hakan.

Me sabon bincike ya gano?

Masana a Jami'ar Queen Mary da ke London, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Costantino Pitzalis, sun ga cewa tun da a gaɓa cutar take, to can ya kamata a nemi amsar. Sukan yi amfani da na'urar ɗaukar hoto su sa allura su ciro ɗan ƙaramin yanki na tantanin gaɓar da ta kumbura, su bincika.

A wani gwaji da mujallar Lancet ta wallafa a 2021, sun duba majiyyata 164 a ƙasashen Turai biyar, waɗanda masu toshe TNF suka gaza a kansu. A cikin waɗanda binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ƙwayoyin B ba su da yawa a gaɓoɓinsu, kashi 63 cikin 100 sun samu sauƙi sosai da tocilizumab, yayin da kashi 36 kawai suka samu da rituximab.

Dalilin a fili yake: maganin da ke farautar ƙwayoyin B ba shi da abin yi sosai a gaɓar da babu su.

Sai dai gwaji na biyu da aka wallafa a 2023, kan majiyyata sama da 200 da ba su taɓa karɓar bayolojik ba, ya nuna cewa ƙidayar ƙwayoyin B kaɗai ba ta isa ta bambance wanda magani zai karɓa ba.

Masanan suka koma ga samfuran da suka ciro, suka yi amfani da kwamfuta wajen tantance aikin dubban ƙwayoyin gado. A 2025 suka bayar da rahoton wani gwaji mai duba ƙwayoyin gado 524, wanda suka ce ya yi hasashen daidai a kashi 79 zuwa 85 cikin 100 na majiyyata, game da etanercept da tocilizumab da rituximab.

Gwajin yana matakin bincike ne, kuma sai an tabbatar da shi a kan wasu majiyyatan kafin ya shiga asibitoci.

Ina matsayin majiyyaci a arewacin Najeriya?

Ga mai fama da cutar a gari kamar Unguwar Lalle da ke ƙaramar hukumar Sabon Birni a jihar Sakkwato, matsalar tana farawa ne tun kafin a kai ga zancen bayolojik.

Gwaje-gwajen tabbatar da cutar da kuma ƙwararrun likitoci sun fi samuwa a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Hare-haren 'yan bindiga da yankunan Sabon Birni da Isa suka sha fama da su sun ƙara wa tafiyar wahala.

Don haka da yawa sukan tsaya ga ƙaho da tsaga, ko kuma magungunan kashe zafi da ake saya a kemis. Yawan shan irin su diclofenac yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, shan prednisolone na tsawon lokaci ba da umarnin likita ba kuma yana iya kawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi.

Su kansu magungunan bayolojik suna buƙatar a adana su cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, abin da ke da wuya inda babu tsayayyiyar wutar lantarki.

Haka kuma dole ne a yi gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B kafin a fara su, domin suna iya tayar da cutar da ke kwance a jiki. Najeriya tana cikin ƙasashen da cututtukan biyu suka fi yawa.

Duk da cewa an samu kwatankwacin magungunan masu rangwamen farashi, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya adalimumab cikin jerin magungunan da ba a rasa su, har yanzu sun fi ƙarfin akasarin iyalai, waɗanda daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani.

A nan ne hasashe zai fi amfani. Iyalin da suka sayar da dabbobi ko gona don sayen magani ba lallai ne su iya sake gwada na biyu ba idan na farko ya gaza.

To amma manyan gwaje-gwajen nan a Turai aka yi su, saboda haka akwai buƙatar a tabbatar da sakamakonsu a kan majiyyatan Afirka.

Kafin lokacin, abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kai shi ne cewa wanda aka fara yi wa magani cikin watannin farko na cutar ya fi samun damar tsira da gaɓoɓinsa. Shawararsu ita ce duk wanda yatsunsa suka kumbura, suke kuma sandarewa da safe har tsawon makonni, ya garzaya asibiti.