Linzami da Wuyan Doki a Tarihin Hawa a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa kallon jahi a ranar Hawan Daushe a Kano ya ga yadda mahaya kan taho a sukwane, sai sun zo dab da Sarki su ja linzami, dawaki su tsaya cik, ƙura ta turnuƙe. Masu kallo sukan yaba jarumtar mahayi. Wannan maƙala kuwa za ta dubi abin da ya sa tsayawar ta yiwu, wato ƙirar kan doki da wuyansa, da yadda magabata suka ci moriyarta a fagen fama.

Bari mu fara da baki. Ingarma yakan yi haƙora 40, goɗiya kuwa galibi 36. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai wani fili da ba haƙori, sai dasashi mai laushi a bisa ƙashin muƙamuƙi. A nan linzami yake zama, kuma saboda wurin yana da saurin jin zafi, ɗan motsin hannu ya isa saƙo ya kai ga dabbar. Wuya kuma ƙasusuwa 7 ne a jere, da wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga ƙeya zuwa doron kafaɗa tana ɗauke da nauyin kai. Da kai da wuya doki yake daidaita jikinsa. Idan ya miƙa wuya, nauyinsa yakan rinjaya gaba ya ƙara gudu, idan kuma ya tattaro shi, nauyin ya koma kan ƙafafun baya, ya iya tsayawa ko juyawa. Ashe wanda ya mallaki kai ya mallaki doki ɗungurungum.

Masana sun daɗe da lura da haka. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani Bagirke mai suna Zenofon ya rubuta littafi a kan hawa, inda ya fifita dokin da wuyansa ya tashi sama kamar na zakara, ya kuma gargaɗi mahaya game da ɓata bakin doki. A ƙasarmu kuwa, harshe da kansa shaida ne a kan hanyar da kayan hawa suka biyo, domin kalmomin linzami da sirdi da likkafa duk daga Larabci aka aro su. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan doki a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 ne manyan dawaki da sirdi da likkafa suka sauya fasalin yaƙi a wannan yanki. Kundin tarihin sarakunan Kano kuma ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410.

Barde mai riƙe da mashi ko takobi hannu ɗaya ya rage masa na sarrafa doki. Wannan ne ya sa linzamin da ya yaɗu a nan ya zama mai tsanani: ƙarfe ne mai harshe da yake danna ganɗa, da zobe da yake kewaye muƙamuƙin ƙasa. Da an ja shi sai doki ya ɗaga kai ya zauna a kan ƙafafun baya. Baturen nan Dixon Denham, da ya isa Kukawa a 1823, ya ba da labarin mahayan Barno da suka tarye shi a guje suka tsaya nan take, ya kuma ambaci faranta na ƙarfe da aka rufe kawunan dawakinsu da su, aka bar wa idanu kafa. Barin wannan kafa tilas ne, don idanun doki a gefe suke, da su yake ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi. Hanci ma ba a toshe shi, saboda doki ba ya numfashi ta baki.

Zamanin yaƙi a kan doki ya kau da faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa a 1903. Abin da ya saura shi ne hawan salla da daba, irin wadda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, har hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin gadon al'adun duniya a 2024. Kalmomin ma sun wanzu a bakinmu, muna cewa wane ya riƙe ragamar mulki, ko a ja wa yaro linzami.

A kammalawa, akwai abin da ya kamata mu yi tsokaci a kansa. Linzamin yaƙi yana nan a hannunmu, amma an ƙera shi ne don hannun da ya horu tun ƙuruciya. Sau da yawa bayan kilisa akan ga doki yana zubar da yawu haɗe da jini, saboda matashin da ya hau shi ya mai da linzami abin dafawa. Dasashin da ya sha rauni yakan kangare, daga nan doki ya daina jin hannu, a koma ana kiransa mai taurin baki, alhali laifin na mahayi ne. Ya kamata iyayen gida da masu kula da barga su koya wa yara sanin bakin doki da sassaucin hannu kafin su ba su ƙaimi.