Musafaha da Runguma: Daga Khaibar Zuwa Ƙasar Adar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Madawa da Buza da Keita da ƙauyukan da ke kewaye, karatunmu na yau a kan musafaha ne da mu'anaƙa, wato gaisuwa da hannu da rungumar juna, da kuma sumbatar ƴaƴa. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. To, a saurara a ji yadda magabata suka ɗauke ta.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa mutanen Yaman ne suka fara zuwa da musafaha. Shari'a ta karɓe ta, har Bara'u ɗan Azib ya ruwaito cewa Musulmi biyu idan suka haɗu suka yi musafaha, ana gafarta musu tun ba su rabu ba. Runguma kuwa, labarinta mafi shahara ya auku ne a shekara ta 7 bayan hijira. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya dawo daga Habasha bayan fiye da shekara goma, ya tarar an ci Khaibar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rungume shi, ya sumbaci tsakanin idanunsa, ya nuna cewa murnar dawowarsa ba ta gaza murnar nasarar ba.

Mu dai Malikawa ne. Duk wanda ya durƙusa a zauren malami ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386, ya ji a babin sallama cewa Imamu Malik ya karhanta runguma, Sufyanu ɗan Uyaina kuwa ya halatta ta. Malamai sun kawo cewa su biyun sun tattauna a kai a Madina. Sufyanu ya kafa hujja da labarin Ja'afar, Malik ya ce wannan ya keɓanta ga Ja'afar, Sufyanu ya ce abin da ya halatta gare shi ya halatta gare mu. Malik ya rasu a 179, Sufyanu a 198, Allah Ya ji ƙan su duka. Amma a lura, saɓanin nan a kan gaisuwar manya yake. Game da yara, Malik da kansa ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Annabi ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama ƴar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin Aƙra'u ɗan Habis, babba a Banu Tamim, da ya ga Annabi ya sumbaci Hasan, sai ya ce shi ƴaƴansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya gargaɗe shi cewa mai hana jin ƙai shi ma za a hana masa.

Yanzu mu komo gida. Mun tashi mun tarar da alkunya a ƙasarmu. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, uwa ba ta wasa da shi a gaban mutane. Iyayenmu ba mugaye ba ne, domin a zamanin gandu yaro bai rasa cinyar da zai hau ba. Kaka tana nan tana kiransa mijinta, gwaggo tana goya shi, kawu yana saɓa shi a kafaɗa zuwa kasuwa. Abin da kunya ta hana iyaye, dangi suna cika shi har ya yi yawa.

Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Rumbuna suka bushe, gandu ya fara watsewa, tafiya biɗa da aka saba yi ta cin rani ta zama ta shekaru. Mazan Adar suka bazu a Abijan da Legas da Kamaru da Libiya. Da aka fara aikin raya ƙasa na Keita a 1984 da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa a wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, saboda maza ba su gari. Masu cika gurbin nan suka ragu, alkunya kuwa ta tsaya inda take. Mun sha gani da idonmu: magidanci ya dawo bayan shekara biyu, ya sauke tsaraba, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana karɓar barka da zuwa, ɗansa kuma yana leƙensa daga bayan zanen uwarsa kamar ya ga baƙo. Kuɗin da aka aiko sun sayi hatsi, Allah Ya saka da alheri, amma yaron nan yana da wata yunwar da hatsi ba ya kashe ta.

A 2020 Allah Ya ɗanɗana mana irin wannan yunwa, mu manya. Annobar korona ta sa aka rufe masallatai a watan Maris, aka hana musafaha, ba a buɗe ba sai a watan Mayu, azumi ya riga ya yi nisa. Kowa ya ji yadda gaisuwa daga nesa take barin zuciya da saura. Kwana nawa muka yi a haka har muka kasa haƙuri? To, ina ga yaron da ya yi shekara goma hannun ubansa bai sauka a kansa ba sai ranar duka?

Shari'a ta sa wa abin iyaka, kada wani ya ce liman ya buɗe ƙofa. Namiji ba ya musafaha da matar da ba muharramarsa ba, mai azumi kuma ya kiyayi sumbatar iyalinsa da rana, domin malamanmu sun karhanta ta. Wanda ya tsaya ga maganar Malik a gaisuwar manya, ya tsaya a kan ilmi. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Idan an sha ruwa yau, ka jawo ɗanka ka ɗora shi a cinya, ko da shi ne na fari. Ka shafi kan maraya, domin an ruwaito cewa Annabi ya yi wa mai kukan ƙeƙashewar zuciya nuni da wannan magani. Ka riƙe hannun tsohuwarka idan ka je gaishe ta. Matafiyi in ya dawo Salla, ya fara shiga cikin gida kafin ya shimfiɗa tabarmar ƙofa. Wanda kuma kuke gaba da shi, ka miƙa masa hannu tun ba a ga watan Shawwal ba.

Allah Ya tausasa zukatanmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.