Tarihin Hoton Muƙamuƙi da Aikin Dashen Haƙori

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata tazara ta milimita biyu, da yadda masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman hanyar auna ta daidai.

Bari in fara nuna inda tazarar take. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata 'yar kafa da ta ratsa ƙashi daga baya zuwa gaba, ta cikinta kuwa jijiyar da ke sa mutum ya ji taɓi a leɓensa na ƙasa da haɓarsa ta bi. A muƙamuƙin sama kuma, daidai bisa turame, akwai kogon iska. Likitan da zai dasa haƙori dole ne ya huda ƙashin nan ya kafa ƙusar ƙarfe. In ya zarce ya taɓa jijiyar, leɓen majiyyaci na iya mutuwa, wani lokaci har iyakar rayuwarsa. Saboda haka ne likitoci suka saba barin milimita biyu tsakanin bakin ƙusa da jijiya. Amma ta yaya za a auna abin da ido ba ya gani?

A watan Nuwamba na 1895 ne Wilhelm Rontgen ya gano, a birnin Wurzburg na Jamus, hasken nan mai ratsa tsoka ya nuna ƙashi. A farkon 1896 wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoran kansa, ya zauna minti 25 hasken yana dukansa. A Amurka kuma Edmund Kells na birnin New Orleans ya duƙufa ga wannan aiki ba tare da sanin illar hasken ba, har sai da aka yanke masa yatsu, daga baya hannu ɗungurungum. Hotunan wancan zamani ƙanana ne, haƙori biyu ko uku suke nunawa.

Daga ƙarshen shekarun 1940 Yrjo Paatero na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro na'ura mai zagaya kan mutum, wadda ke shimfiɗa muƙamuƙi duka a kan fim guda. Ci gaba ne babba, amma hoton inuwa ce, kuma kowa ya san inuwar mutum ta hantsi ba ɗaya take da ta la'asar ba. Irin wannan hoto yakan ƙara girman ƙashi da misalin kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarin kuma ba daidai yake ko'ina ba, musamman in mutum bai tsaya da kyau ba. Abin da ya fi muni, yana nuna tsawon ƙashi, ba ya nuna kaurinsa. Muddin aikin likita cire haƙori ne ko neman ruɓa, wannan nakasu bai dami kowa sosai ba.

Wanda ya sauya al'amarin shi ne Per-Ingvar Branemark, likita ɗan ƙasar Suwidin. A 1952 ya lura cewa ƙarfen titaniyam da ya sa a ƙashin zomo ya manne da ƙashin har ya ƙi fita. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin wannan ƙarfe a muƙamuƙi, bayan wani taro da aka yi a Toronto a 1982 kuma aikin ya bazu a duniya. Daga nan sai ya zama hoto bai isa ba sai ya ba da awo. Dabarar da likitoci suka yi ita ce su sa 'yar ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita biyar a bakin majiyyaci kafin ɗaukar hoto, sa'an nan su gwada girmanta na cikin hoto da na zahiri, su san iyakar ƙarin. Matsalar kauri dai tana nan.

Maganinta ya fito ne daga wani fannin. A 1971 aka fara gwada na'urar Godfrey Hounsfield a kan majiyyaci a Landan, wato na'urar da ke haɗa haske da kwamfuta ta nuna jiki yanka-yanka. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an shiga amfani da ita wajen auna muƙamuƙi, sai dai tana da tsada, haskenta kuma yana da yawa. A ƙarshen shekarun 1990 masana a Italiya da Japan suka fito da ƙaramar na'ura ta musamman don kai da muƙamuƙi, mai watsa haske kamar mazurari, wadda ke nuna tsawo da faɗi da kauri gaba ɗaya. Kuskuren awonta galibi bai kai milimita ɗaya ba.

To, me ya sa har yanzu ba a daina barin milimita biyun ba? Dalili shi ne, in majiyyaci ya motsa hoto yakan dushe, ƙarfen da ke bakinsa yakan ɓata wani sashe, hannun likita kuma yakan ɗan kauce wa abin da aka tsara a kwamfuta. Har ila yau, hasken wannan na'ura ya fi na hoton zagaye yawa, don haka ƙa'ida ita ce kada a ɗauka sai in amfaninsa ya rinjayi illarsa. Wannan darasi ne da Kells ya biya da hannunsa.

Ga ɗalibai, abin lura shi ne kowace na'ura ta rage kuskuren wadda ta gabace ta, amma babu wadda ta kawar da shi. Ga ma'aikatan da wata rana za su sa hannu a takardar sayen irin waɗannan na'urori kuwa, a tuna cewa kuɗin horar da wanda zai karanta hoton yana cikin kuɗin na'urar, domin shi ne zai ce ga jijiya nan, a tsaya.