Ƙugiyar da ta ɓace a cikin na'urorinmu

Wannan makon za mu waiwayi wani abu da muka saba da shi har mun daina ganinsa: yadda haruffan nan namu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suka sha wahala kafin su samu wurin zama a kwamfuta da waya. Duk wanda ya taɓa rubuta "Sarki yana fada" aka tambaye shi da wa yake faɗan, ya san matsalar ba ta ado ba ce.

Haruffan sun girme mu duka. Tun cikin shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, ga littattafan Abubakar Imam, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Maɗaba'a ba ta da damuwa, ƙarfe ne ake zubawa, in an zuba ƙ an gama. Tafireta ce ta fara kawo cikas, domin yawancin waɗanda suka cika ofisoshinmu don Turanci aka ƙera su. Manyanmu a nan za su tuna akawu yana gama buga takarda ya ɗauki biro yana bin layi-layi yana lanƙwasa wa kowace k kai. In ya gaji, ya bar sauran.

Da kwamfuta ta zo sai abin ya ƙara cakuɗewa, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wanda bai gane wannan gaɓar ba ba zai gane sauran labarin ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, kuma an rabe su tsakanin haruffan Turanci, alƙaluma, alamomi da wasu umarni na na'ura. Abin da muke gani a kan allo zane ne da zubin haruffa, wato abin da muke kira font, yake ɗora wa kowace lamba. Babu lambar ƙ a cikin 128 ɗin nan. Ba wanda ya hana mu, ba a dai tuna da mu ba ne.

Dabarar da ta cece mu a shekarun 1990 daga Kano ta fito. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffan da aka sani da Rabi'at da Abdalla, kuma da su aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa. Hikimar irin wannan zubi ita ce aron gurbi. A nemi madannin da Hausa ba ta amfani da shi, a goge zanensa, a zana namu a wurin. Wani zubin ya ari q da x da v, wani ya ari alamomin nan na gefen kibod da ba kowa ke taɓawa ba. Ka danna } sai ƙ ta fito, ka danna ] sai ɗ, ka danna ~ sai ɓ. A takarda ba ka iya bambanta shi da aikin maɗaba'a.

Amma a cikin cikin kwamfutar, lamba 125 tana nan a matsayin }, riga kawai aka sauya mata. Mu da muka yi zaman shagunan buga takardu a bakin jami'o'i mun ga sakamakon da idonmu. Ɗalibi ya kwana uku ana buga masa kundi, ya kwafa a faifai ko filash, ya kai wani shagon da ke da firinta mai kyau. Ana buɗewa sai ga "}asar Hausa" da "]aya daga cikin ~angarorin" tun daga shafin sadaukarwa har ƙarshe. Wanda bai sani ba ya ce ƙwayar cuta ce ta cinye aikin. Wanda ya sani ya yi dariya ya ciro nasa filash ɗin, domin a lokacin ba a kiran mutum gwanin kwamfuta in ba ya yawo da zubin Hausa a aljihu. Da yawanmu ta nan muka fara samun suna a unguwa, har da ɗan na cefane.

Abin takaicin shi ne magani na gaskiya ya riga ya samu tun 1991, lokacin da aka fitar da Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa. Ƙaramar ƙ ta samu 409, ɓ ta samu 595, ɗ ta samu 599. Har ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana ciki. Sai dai samun lamba daban, samun madanni daban. Kibod ɗin da ke gabanmu na Turanci ne, zubin da ya zo da kwamfutar sau da yawa bai da zanen haruffan, sai akwati ya fito a madadinsu. Akwai ma wani abin ban haushi: ƙananan ɓ da ɗ an ajiye su a rukunin alamomin masana furuci, ƙ kuwa da manyan Ɓ da Ɗ suna wani rukunin. Shi ya sa har yau wani zubin zai nuna maka ƙ lafiya lau, ɗ kuwa ta fito a karkace kamar baƙuwa a cikin kalma.

Sai waya ta shigo a watan Agustan 2001, da Econet da MTN, Glo ta biyo baya a 2003. A nan ne yawancin Hausawa suka fara rubuta harshensu a na'ura, ba a kwamfuta ba. A Nokia 3310 ka danna 5 sau biyu k ta fito, babu inda za ka ci gaba da dannawa ka tarar da ƙ. Ma'aunin saƙon tes na GSM ya tanadi é da ñ da ü, bai tanadi namu ba. Ga kuma wani sirri da ba kowa ya lura da shi ba: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar harafi ɗaya tak daga wajen wancan ma'aunin ya shiga, sai ya koma 70. Wato ko da wayar ta iya, rubuta Hausa daidai ninka maka kuɗi zai yi. Har gobe haka dokar take, ku gwada ku gani.

Don haka muka yi abin da talaka ya saba, muka yi maneji. Zamanin Opera Mini da 2go, wajen 2010 zuwa 2013, ya haifar da rubutu kala-kala. Wasu suka jefar da ƙugiyar gaba ɗaya. Wasu suka koma k'asa da d'aya da b'ata, salon da marubutan littattafan intanet suka riƙe sosai. Wasu suka ɗauki q, suna rubuta qasa da qauna. Rikicin da ya fi ba mu dariya shi ne na x: a wurin mai buga kundi ɗ ce, a wurin matashin 2go kuwa z ce, shi ya sa "xan xo". Harafi ɗaya, aiki biyu, a gari ɗaya. Ba ma zargin kowa a nan. Wanda yake ƙirga kowane harafi da kati na naira ɗari ba shi za a yi wa wa'azin ƙa'idar rubutu ba, kuma slm da ykk da lfy sun yi mana aiki iya ƙarfinsu.

Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi su suka sauya lissafin. Google Translate ya sa Hausa a ƙarshen 2013, Facebook ya biyo a 2016, kibod irin su Gboard da SwiftKey suka zo da Hausa. Yau ka danne k na ɗan lokaci ƙ ta leƙo. Uzurin na'ura ya ƙare, saura na sabo, kuma mun yarda sabon shekara ashirin ba ya fita a dare ɗaya.

Abin da ya fi damun mu ba saƙonnin yau ba ne, tsofaffin fayiloli ne. Duk abin da aka buga da zubin aro yana nan da } da ] da q da x a cikinsa. In an ɗora shi a intanet haka, wanda ya nemi "ƙasa" ba zai same shi ba, domin a wurin na'ura "}asa" wata kalma ce daban. Manhajar da ke karanta wa makaho rubutu za ta yi ta tuntuɓe a kansa, masu fassara na na'ura ma haka. Aikin malamai da ɗalibai da 'yan jarida na shekaru masu yawa yana kwance a tsofaffin kwamfutoci da filash, a rubuce amma a ɓoye.

Gyaran kuwa ba ya buƙatar injiniya. A buɗe fayil a Word, a yi amfani da umarnin nema da musanyawa sau shida, uku na ƙanana uku na manya, a tabbatar an kunna bambance babban harafi da ƙarami. Wurin da ake yin ɓarna shi ne fayil mai q da x da v wanda ke ɗauke da Turanci a ciki, musamman shafin manazarta, inda musanyawar kai-tsaye za ta mayar da University ta zama Uniɓersity. Da yawanmu mun ga wannan kalmar a bugaggen kundi. Irin wannan fayil sai an ware sassan Turancin tukuna, kuma a ajiye kwafin asali a gefe kafin a taɓa komai.