Aikin hannu da kayan Sallah: abin da munka gada a Tambuwal da Kebbe

 

Da kwamiti ya ce a rubuta wani abu na tarihi don cikar shekarar ƙungiya, wasu sun so a kawo lissafin rance da na adashi. Wannan ma'aji za ta kawo shi a shafinta. Mu da ke zaman kasuwa munka roƙi a ba mu tarihin aikin hannu da kayan Sallah, don nan ne kuɗinmu sunka fara fitowa, nan ne kuma mafi yawansu ke komawa. Mun tattaro zancen daga bakin tsofaffinmu na Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Kebbe da Kuchi, munka haɗa da abin da malama ta karanta muna a ajin yaƙi da jahilci.

Hausawa na cewa Sallah bikin rana ɗaya ce. Ko shakka babu namiji ne ya fara faɗin haka. Ga mace Sallah tun cikin Sha'aban take farawa, ranar da za ta fasa asusu ta ƙirga ta ga ko zai kai ga atamfar yara, da lalle, da sukari, da mai. Farin cikin da yaro ke yi ran idi, da sabuwar riga da aljihu cike da cincin, wata ce ta yi wata biyu tana tara shi da hannunta. Haka yake yau, haka yake tun zamanin kakannin kakanninmu. Sana'ar ce kawai ke canza kama.

Garin Tambuwal, kamar yadda kowa ya sani, yana da alaƙa da gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, don ɗansa Muhammadu Buhari ne ya zauna nan, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarauta. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda anka haifa 1793 ta rasu 1864, ita ta kafa tafiyar 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin nan ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su koya wa matan aure da ke cikin gida. Ba su zuwa hannu banza. Suna ɗauke da sadaka ta hatsi, da man shanu, da zuma, abin da sunka samu da guminsu. Ranar da malama ta karanta muna wannan, wata tsohuwa a ajin ta ce ashe ƙungiyar mata da karatun manya ba Turawa sunka kawo muna su ba. Malfar nan kuwa da jaji ke sawa ta girma, saƙa ce ta hannu, irin wadda har yau ake shimfiɗawa a kasuwanninmu.

Babbar sana'ar mace a wancan zamani kaɗi ce. Ƙasarmu ta noman auduga ce, wadda tsofaffi ke ce ma kaɗa. Bayan kaka mace za ta sami rabonta, ta gurje ta da ƙarfe bisa dutse ta fidda angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan ta ɗauki mazari. Ana shafa alli ga yatsu don zaren ya riƙa zamewa. Mai hannu takan fidda arafiya, siririn zare mai tsada, mai koyo kuma ta fara da abawa mai kauri. Da dare, bayan an kwashe tuwo, matan gida su zauna wuri ɗaya gaban fitila, mazari na juyawa, kaka na yi wa jikoki tatsuniya. Zaren nan shi za a kai wa masaƙi ya saƙa, a kai marina a rine, shi ne zanen Sallah. Wanda ya ragu yarinya ta kai kasuwa, a da a karɓo wuri, daga baya sule da kwabo. Da kuɗin zare mace ke sayen jar akuya, irin tamu ta Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har Turai. Akuyar ta haihu, a sayar da ɗan bunsuru a yi wa ɗiya kayan ɗaki. Bankin kakanninmu ke nan, kuma ba a taɓa ce masu babu netwok ba.

Abin da ya kashe kaɗi ba lalaci ba ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, audugar ta fara bin hanyar waje, musamman da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929. Yadin kanti da zaren bature sunka shigo da araha. A 1957 anka buɗe masaƙar Kaduna, wasu sunka biyo baya. Mace ta kwana bakwai tana kaɗa abin da inji ke yi kafin a ƙyafta ido, wa zai saya? Iyayenmu sun tarar da mazari, mu mun gan shi cikin tarkacen kaka, ɗiyanmu ko sunansa ba su sani ba. Masaƙun Kadunan ma yau sun rufe, atamfar Sin ce ke cika rumfunanmu. Mu da ke sayar da ita mun fi kowa sanin haka.

Da zare ya faɗi, sai hannu ya koma ga kaba. Dama can ana yi, sai dai yanzu ya zama abin dogaro: tabarma, mafici, faifai, da lefe. Yara su ji da kyau, lefe asalinsa kwando ne na kaba da ake zuba kayan amarya a ciki. Sunan ne ya rage, anka ɗora shi bisa akwatuna masu taya. Faifai kuwa aikin haƙuri ne. Ana naɗa ciyawa ana ɗinke ta da tsagaggen kaba da basilla, zagaye bayan zagaye, a rina wani kaban da karan dafi ya yi ja, kafin galura ta zo da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. A da, ɗakin amarya jeren ƙorai ne da faya-fayai, kowace ƙwarya da murfinta. Aka koma tasoshi, aka koma kwanoni masu fenti, aka koma samira, yau kuloli ne da roba. Duk da haka faifai bai mutu ba, kuma a ganinmu ba zai mutu ba, don har yanzu ba a ƙera robar da ke sheƙe tsaki kamar shi ba, hura kuma in ba a ƙwarya aka dama ta ba, mai sha ya san da bambanci.

Sai mu zo kan abin da ya fi daɗin faɗi, kayan tanɗe-tanɗe na Sallah da na gara.

Sarkinsu alkaki ne. Da alkamar gida ake yinsa, ta fadama, ba fulawa ba. A ɓarza ta kada ta yi laushi sosai, a murje da mai, a kwaɓa a rufe ta kwana ta yi tsami, da safe a sa ruwan kanwa a murza har hannu ya gaji, a naɗa shi gida biyu, a soya a wuta marar ƙarfi. Mai gaggawa ba ta alkaki, waje zai yi ja ciki ɗanye. In ya soyu a tsoma shi cikin zuma. Kafin sukarin kanti ya wadata, zuma ce da mazarƙwaila ke zaƙin komai, shi ya sa alkakin da ya fi na yanzu ƙamshi. Yanzu sukari ake dafawa da ɗan tsamiya ko lemon tsami don kada ya daskare. Ƙanwarsa nakiya ce, ta shinkafa: a soya garin, a kirɓa da zuma ko sukari da man shanu, da citta, kanumfari da masoro. Kirɓin nakiya ba aikin mace ɗaya ba ne. Turmi biyu ko uku ake kafawa, maƙwabta su shigo, ana luguden taɓare ana waƙa, gobe kuma a koma gidan wata. Tana yin watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ake kai wa amarya da mai jego. Sai dubulan mai kwalliya, wanda ake gane gwanar mace ga naɗinsa. Masa da funkaso kuwa su ne na safiyar idi, a zuba miyar taushe, yara su ɗauki kwano-kwano su kai gidan kakanni, da gwaggo, da maƙwabta, kwanon kuma ba ya dawowa wayam.

Fulawa baƙuwa ce. Kamfanin Flour Mills an kafa shi a Legas a 1960, a hankali buhunansa sunka hauro arewa. Cincin ya biyo matan ma'aikata da 'yan kudu da ke zaune cikinmu, munka koya, munka mayar da shi namu har yaro ya ɗauka tun fil azal ana yinsa. Shekarar 1973 kuɗi sunka koma naira da kwabo, shekarar kuma fari ya yi tsanani, aka sake shan wani a 1984. Tsofaffi sun ce a waɗannan shekaru gidaje da yawa masar gero ce kaɗai Sallarsu, amma ba a fasa aika kwano ba, ko da guda biyar ne a ciki. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, fulawa ta yi wuya, masu alkamar fadama sunka ga ranarsu. A shekarar ce kuma Maryam Babangida ta fito da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, kalmar ƙungiya da rajista ta fara shiga kunnen iyayenmu. Adashi dai sun riga sun san shi, takarda ce sabuwa.

Kek shi ne autan kayan. Ba mu da abin gashi na lantarki, ko muna da shi ina wutar? Sai mata sunka samo dabara: a zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, a ɗora a wuta ya yi zafi, a shafa mai a gwangwanayen madara a zuba kwaɓin, a jera bisa yashin, a rufe, a zuba garwashi bisa murfi. Wadda ta iya wutarta, kek ɗinta ba ya jin kunyar na kanti. Da yawa cikinmu da wannan tukunyar yashi munka biya kuɗin rajistar ƙungiya.

Babbar Sallah ta maza ce da rana, tamu ce da dare. Su yanka, su feɗe, su soke ragon da itace su jera gefen wuta ya gasu a tsaye, tareni ke nan, al'adar da baƙo daga Kano ke tsayawa kallo. Mu kuma kayan ciki, da kai da ƙafa, da suya har asuba, da rabon washegari. Jelar ragon a adana ta sai cika-ciki, goma ga Muharram.

Shekarun nan na kusa kowa ya ɗanɗana. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai cincin na naira hamsin ba ta da asusun da za a tura mata. Ranar 29 ga Mayu na shekarar anka cire tallafin mai, kuɗin mota daga Kebbe zuwa Tambuwal ya tashi, fulawa da sukari da man gyaɗa sunka bi shi. 'Yan'uwanmu na wasu ƙauyukan Kebbe ga matsalar tsaro, wadda ta sa shiga daji yankan kaba ko tsintar kalwa ya zama abin tsoro. Allah ya kawo muna sauƙi. Abin da muke gani daga rumfa shi ne, mata da yawa sun daina suyar Sallah, sai su sayi biskit na leda da alewa su raba wa yara. Ba mu zargin kowa, mu ke sayar masu, kuma ribarsa ta fi ta kwanon alkama. Sai dai kuɗin biskit kamfani yake tafiya, na alkaki kuwa yana zagayawa tsakanin mai fadama, da mai injin ɓarza, da mai man gyaɗa, da mai itace, duk 'yan gari. Kuma gidan da anka yi Sallah uku ba a kafa kasko ba, yarinyar gidan za ta yi aure ba ta san naɗin dubulan ba. Haka kaɗi ya tafi, ba wanda ya yi shelar ranar.

Don haka ne mu 'yan kasuwa za mu kawo shawara gaban babban taro. A ware wani kaso na adashi tun Rajab, a sayi fulawa da sukari da mai buhu-buhu da jarka-jarka kafin azumi ya ɗaga farashi, a raba wa mambobi a kuɗin sari, mai ƙaramin ƙarfi ta biya bayan Sallah. Alkama da kaba a fara neman su wurin mambobinmu na ƙauye kafin a je wani wuri. Sannan iyayenmu da sunka iya alkaki da nakiya da ɗinkin faifai, kowace ta karɓi 'yan mata biyu ko uku ranar da babu makaranta, ƙungiya ta ɗauki nauyin kayan koyo da ɗan goron malama. Tsofaffi huɗu sun riga sun amsa, ɗaya ma ta ce mazarinta na nan cikin adudu in akwai mai son gani. Wadda ke son sa ɗiyarta ta ba sakatariya suna kafin ranar taro, ta kuma faɗi unguwarsu, don a haɗa kowace yarinya da tsohuwar da ke kusa da gida.