Tarihin Haɗa Ciyawa da Dangin Wake Don Abincin Dabbobi

 Yau hirarmu a kan abincin dabbobi take, kuma ta hanyar tarihi za mu bi. Na san da yawanku kuna da akuya ko tunkiya a kan turke a bayan ɗaki, wata kuma rago take kiwo tana jiran kasuwar layya. Duk mai kiwo ta san wuyar da ake sha daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwa: damin harawa ya yi tsada, dabba ta rame, nono ya ƙafe. To, wannan matsala ta daɗe, kuma an daɗe ana nema mata magani.

Mu fara da tushen abin. Ciyawa irin su gamba da kyasuwa, idan suna ɗanyu da damina, suna ɗauke da sinadarin gina jiki. Da sun yi kai sun bushe sai wannan sinadari ya ragu ƙwarai, ya rage saura kara. Dabba tana buƙatar kimanin kashi 7 cikin 100 na abincinta ya zama mai gina jiki kafin cikinta ya iya narkar da busasshiyar ciyawa sosai, ita kuwa ciyawar rani ba ta kai haka. Shi ya sa za ku ga saniya ta wuni tana kiwo amma haƙarƙarinta a waje. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dangin wake kuwa, wato wake da gyaɗa da gadagi da ire-irensu, ko sun bushe ba sa rabuwa da amfaninsu haka. Kakanninmu sun gane wannan tun kafin zuwan Turawa. Shi ya sa suke shuka wake a tsakanin gero da dawa, su ɗaure harawa su ɗora a kan bishiya ko saman soro, su kuma bar gawo a gona saboda 'ya'yansa. Sun san aikin, sai dai dalilinsa ne ya jira masu bincike. A shekarar 1886 wasu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa 'yan ƙullutun nan da ke jikin saiwar dangin wake su ne asirin. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki. Idan yaranku suka tumɓuko gindin gyaɗa, ku duba saiwar, za ku gan su. Ke nan tsiron yana ciyar da dabba, yana kuma ciyar da ƙasar da ciyawar kusa da shi ke sha.

A nan arewacin Nijeriya, an buɗe gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya a 1928, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can aka yi ta gwada irin ciyayi na gida da na waje. Cikin baƙin akwai wani tsiro ɗan dangin wake daga Amurka ta Kudu mai suna sitailo, mai ƙananan ganye uku-uku, wanda ke jure fari da ƙasa maras ƙarfi. Abin sha'awa, mu ma mun ba su namu: a 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika aka kai Kolombiya, kuma a 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kolombiya da Burazil. Kun ga an yi musaya ke nan.

Babban gwaji ya zo wajen 1980, lokacin da cibiyar kiwon dabbobi ta Afirka, ILCA, mai reshe a Kaduna, ta fara aiki da Fulani zaunannu a Kurmin Biri da Abet da makiyayar Kachia. Abin da suka kawo za mu iya kiransa rumbun ciyawa. Ga yadda ake yinsa: a killace fili kamar hekta 4 kusa da ruga. Farkon damina a riƙa kwanar da shanu a ciki, su tattake ƙasar su zuba mata taki, ba sai an yi huɗa ba. A jiƙa irin sitailo a ruwan zafi don ɓawonsa yana da tauri, a watsa shi tare da takin supa. Idan ciyawa ta fara fin sitailo tsawo, sai a saki shanu su rage ta, domin a wannan lokacin ɗanyar ciyawa suka fi so. Daga nan a rufe filin har rani, sannan a riƙa shigar da dabbobi awa 2 ko 3 kullum.

An tsara abin ne don shanun tatsa da masu ciki. Su kuwa makiyaya sai suka fi sa raunana da waɗanda yunwa ta kusa kayarwa, domin a wurinsu ceton ran saniya ya fi ƙarin kwaryar nono. Masu binciken suka ga hujjarsu. Manoman Abet kuma suka yi ƙananan rumbuna don awakinsu, waɗanda ake ɗaurewa da damina don kada su yi ɓarna a gona, su yi ta ramewa a kan turke. An kuma lura cewa masarar da aka shuka a filin da sitailo ya yi shekaru ta fi ta maƙwabta kyau.

Amma fa abin bai yaɗu yadda aka so ba. Wayar shinge ta yi tsada, musamman bayan darajar naira ta faɗi daga 1986. Gobarar daji kan cinye tanadin shekara a yini ɗaya. Makiyayin da ba shi da tabbacin fili ba zai kashe kuɗi a kansa ba. Sannan idan aka yi sakaci, takin da sitailo ya tara shi ne zai ƙarfafa ciyawa har ta danne shi. Duk da haka, zuwa ƙarshen shekarun 1990 an ƙiyasta mutum kimanin 27,000 suna shuka irin waɗannan tsirrai a ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma. A cikin waɗannan shekarun ne kuma cibiyar IITA ta Kano ta dawo kan wakenmu na gida, ta fitar da iri mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya.

To 'yan'uwa, ina namu a ciki? Yawancin awaki da tumakin cikin gida namu ne, ko da ba mu zuwa gona. Kafin a fara shuka, ki yi wa maigida magana ya ware wasu kunyoyi na wake mai yaɗo. Ki tuna masa a yanke harawa tun ganyenta yana kore, don amfanin a ganye yake. Ki adana ta inda rana da ruwa da gara ba za su same ta ba. Da rani kuma kada ki juye ta gaba ɗaya. Ki riƙa ba da kaɗan kullum tare da busasshiyar ciyawa ko yankakken kara da dusa, ki fara da mai ciki da mai shayarwa. Haka za ta kai ki har sabuwar ciyawa ta fito.

Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.