Tara Kuɗin Kasuwa da Tarihin Iyaka a Ƙasar Bagudo

Duk mai sha'awar tara kuɗi iri-iri daga canjin kasuwa, da wuya ya sami wurin da ya fi ƙasar Bagudo. Dalili kuwa shi ne yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta bar garin Illo a hannun Ingilishi, maƙwabtansa na yamma kuma a hannun Faransawa, cikin Dahomi, watau Jamhuriyar Benin ta yau. Da aka bar ciniki da kuɗin wuri, sai fatauci ɗaya ya koma tafiya da kuɗi biyu: nan anini da kwabo masu huda, da sule, can faran, wanda ya zama sefa a 1945.

A 1973 naira ta gaji fam. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki, ta sauya launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗai na musaya. Takardun da suka maƙale a ƙetare suka daina amfani, fatake da yawa suka yi asara. Saboda haka wanda ya tsinci irinsu, ya kyautu ya adana, ya rubuta kasuwar da ya same su da shekarar, domin mai binciken tarihi zai nemi wannan bayani.